Jan Tabo a Bakin Rawani

Sitiyarin tsohuwar motar da marigayi Kawu ya bar mini ya fara kuka a hanyar Doka, ga kakar riɗi ta kama, ma'aikata suna jiran in kai su Fashaga. A kasuwar Gadarif ta Sudan, inda takunkumi ya ɓatar da mai na asali, mai shago ya dire mini man sitiyari kala biyu, ja da ruwan zuma.

"Wanne take sha, ya zol?" in ji shi, yadda ake kiran mutum da Larabcin nan.

Kawu bai taɓa duba rubutun gwangwani ba. Ɗiga man yake yi a bakin rawaninsa, ya murza, ya sansana. Ina tuna ranar da muka canza man a gindin dogonyaro. Ya zuƙe tsohon da tiyo, baƙi ƙirin mai ƙauri, ni kuma ina juya sitiyari dama da hagu.

"Kowace mota da jininta, ɗana," in ji shi. "Ba a gauraya mata."

Na tabbata akwai jan tabo a rawanin nan. Na koma gida na tambayi matarsa.

"Wane mai? Karkade ne, zoɓon da yake sha, kullum sai ya zubar a jikinsa."

Har yanzu ban sayi ko ɗaya ba. Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu, ni ma Ya haska mini.