Yadda Namadi Ya Gaji Hanyar Dahome

Namadi bai taɓa shiga jirgin sama ba, amma shekara huɗu ya yi yana aikin jirgi. Shekarar da aka samu 'yancin kai, wani ƙaramin kamfani mai jirage biyu ya share fili a bayan Bagudo, ya ɗauke shi gadi. Duk Talata jirgi kan taso daga Sakkwato, ya sauka nan, ya wuce Kandi a ƙasar Dahome. Aikin Namadi shi ne ya kori shanu daga filin, ya cike ramukan gafiya, sannan ya tsaya yana kaɗa jar tuta. An ba shi hular kamfani. Da ita yake zuwa suna, da ita yake zuwa jana'iza, kuma in gardama ta kaure a kasuwa kan ƙasashen waje, shi ake jira ya yanke.

Sai kamfani ya fara tangal-tangal. Aka daina ba fasinja shayi, aka sayar da jirgi ɗaya. Zuwan Talata ya koma sai ranar da aka ji ƙara a sama. Har akwai ranar da direban jirgin ya ari igiyar guga wajen Namadi ya ɗaure ƙofa.

Ana nan takarda ta zo. Namadi ya kai wa Malam Lauwali, malamin elementare, ya karanta masa.

"Sun ce an dakatar da hanyar ƙasar waje," in ji Malam.

"Mi kac ce, Malam?"

"Jirgi zai iso Bagudo ya juya. Ba sauran zuwa Kandi."

"To, waɗanda sunka riga sunka yanki tikiti hwa?"

"Sun ce wakilinsu na Bagudo ya san yadda zai yi da su."

"Wane ne wakilin ga?"

"Kai ne, Namadi."

Ya koma gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, ya gaya wa matarsa Batulu an ƙara masa girma. Ta dube shi, ta ci gaba da tankaɗe.

Da jirgi ya sake zuwa, ya sauke mutum uku masu tikitin Kandi: fatake biyu da wani Bafaranshe likitan dabbobi. Suka tarar Namadi ya tanadi jakuna huɗu a gefen fili. Namadi ya ce su hau, kamfani ya sake abin hawa ne kawai. Baturen ya yi ta bambami da Faransanci. Namadi, da bai iya komai ba sai "wi", wato "i", ya yi ta amsa masa da ita har ya gaji ya hau.

A kan iyaka jandarma ya duba tikiti ya ga hoton jirgi, ya tambayi inda jirgin yake. Namadi ya nuna jakuna. Jandarman ya zagaya su, ya yi shawara da abokin aikinsa, sannan ya buga hatimi. Kwana huɗu suka yi kafin su shiga Kandi. Baturen ya sauka yana tafiya kamar agwagwa, amma sai da ya duba haƙoran jakunan ya ba Namadi maganin tsutsa ya ba su.

Bayan damina biyu kamfani ya rushe ƙurmus. Namadi kuwa ya riƙe hanyar shekara goma sha ɗaya, jakunansa suka kai tara. Fasinja ɗaya tak ya taɓa yarwa, a rafin kusa da Segbana, shi ma fasinjan ne ke gyangyaɗi. Sai da manyan motoci suka fara bin hanyar, gwiwoyinsa kuma suka ƙi, sannan ya sayar da jakunan ya koma noman shinkafa a Kaoje.