Saniyata mai nono uku

Saniya ɗaya mijina ya bar mini da ya rasu, fara mai baƙin kunne, kuma da nononta nake ciyar da jikokina marayu a ƙauyenmu na gefen Bibemi. Ya kuma bar mini ƙaninsa, mahauci a kasuwar Garwa. Saniyar dai na gode Allah da ita.

Shi mutumin nan bai taɓa kallon dabba ya ga rai ba. In ya shigo gaisuwa, kafin ya ce ina kwana hannunsa na kan gadon bayan saniyar yana matsa tsoka.

To, wata damina, bayan ta haihu, hantsarta ta kumbura ta gefen dama, nonon baya. Zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Na tatsa, sai ruwa-ruwa da gudaji, har da jini. Na dafa ruwa ina gasa mata da tsumma, ina shafa man kaɗe, ina tatse mugun nonon cikin tsohuwar ƙwarya ina binnewa a toka. Tana harbi, ina lallashi. Kumburin ya ƙi sauka, na ce sai na nemo likitan dabbobi ranar kasuwa.

Ranar sai ga ƙanin mijina ya iso a kan babur, da ƙanshin kitse a rigarsa.

"Matar yaya, me kike wahalar da kanki? Ƙurji ne. Ƙarfe za a sa a wuta a ɗora masa, ya fashe. Haka muke wa bijimai."

Na ce, "Bijimi yana da hantsa ne, sarkin wuƙa? Kar ka taɓa mini ita."

Ya yi dariya. "Ke da likitocinki masu Faransanci!"

Na ɗauki mayafina na tafi. Ina dawowa da likitan, tun daga bakin danga ƙaurin fata ya tare ni. Ashe bayan tafiyata mahaucin ya ɗaure mata ƙafafu, ya kayar da ita a cikin taɓo, ya lalasa mata hantsa da guntun rodi, har kan nonon. Ga shi zaune a tabarmata yana sakace, wai ya taimaki gidan ɗan'uwansa. Ita kuwa tana tsaye tana rawar jiki, ɗan maraƙin yana zagaya ta, ta ƙi bari ya matso.

Likitan ya durƙusa ya duba. Ya yi mata allura, ya wanke ƙunar, ya ce kar kowa ya sha nononta sai maganin ya fita daga jikinta. Ya ce ciwon zai warke, amma wancan nonon wuta ta rufe masa hanya.

Haka kuwa aka yi. Ya motse, ya bushe kamar kuɓewar bara.

Ba a jima ba sai ga mahaucin ya dawo, da igiya a bayan babur, ko kunya.

"Matar yaya, saniya mai nono uku ba ta da kasuwa. Ba ni ita in rage miki asara."

Na dube shi, na dubi igiyar. Na ce, "Ashe da ma da igiyarka ka hura wutar."

Ya hau rantsuwa. Na bar shi yana yi, na je na ba ta dusa.

Tana nan a turkenta har yau. Ta sake haihuwa, ina tatsar uku, yaran suna sha, ba ya kai na da, amma ba su kwana da yunwa. Shi ma yana zuwa, don ba a korar ƙanin miji. In na dama fura, ta kowa da nono, tasa da ruwan randa. Ranar farko ya leƙa ƙwaryar ya ce, "A'a, yau babu nono ne?"

Na ce, "Akwai. Naka rabon yana cikin wanda ka ƙona."