Kawu Sule Ba Ya Kallon Fim ɗin Sata

Duk wanda ya taɓa zama benci ɗaya da Kawu Sule ya fi sanin ƙeyarsa a kan fuskarsa. Da zarar wani ya ciro waya ya kunna fim, sai ka ji ya ce, "A ina ka samo?" In ka fara kame-kame, shi ke nan, sai ya tattara rigarsa ya juya wa wayar baya, ya fuskanci bango, ya toshe kunnuwa da yatsu. Wata rana amininsa Baba Yohanna, wanda gonakinsu ke iyaka da juna a hanyar Damari, ya ce, "Sule, buɗe kunnen mana, ai ido ne ke kallo." Bai ko waiwayo ba ya ce, "Da ɓarawo da mai riƙe masa tsani, kotu ɗaya ake kai su!" Baba Yohanna ya ce, "To ashe ma kana ji!"

Ni 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsa na tashi, kuma raina a ɓace nake wannan rubutu. A wajen zaman makokinsa da kunnena na ji wasu na ƙus-ƙus, wai "Allah ya jiƙan mai taɓin fim." Taɓi? Ku da kuka cika wayoyinku da gumin mutane, ku ne masu hankalin ko? To ku gyara zama.

Abin ya samo asali ne tun lokacin da ake shiga dajinmu a fito lafiya, mata na zuwa tsintar kaɗanya ba fargaba. Wasu masu shirya fim suka zo daga Kano, Kawu ya yi musu jagora saboda ya san kowane rafi. Ana cikin aiki sai aka rasa wanda zai fito a matsayin gawa. Kawu ya ce shi zai yi. Aka kwantar da shi a bakin rafi aka rufa masa zane, tun hantsi har la'asar ana ta maimaita fitowa ɗaya. Ashe a kan gidan cinnaka aka shimfiɗe shi! Ko gezau bai yi ba. Da aka yaye zanen aka ga jikinsa duk ya yi ruɗu-ruɗu, mai fim ɗin ya riƙe baki ya ce, "Baba, me ya hana ka magana?" Kawu ya ce, "Ka taɓa jin gawa ta kai ƙara?"

Da fim ya fito, ya sayo faifan, ya tara mu a tsakar gida har da maƙwabta. Muka yi ta jira. Can wajen ƙarshe aka hasko tafin ƙafa biyu sun leƙo daga ƙarƙashin zane, aka wuce. Kawu ya yi tsalle ya miƙe. "Ƙafata ce! Wallahi tawa ce, ku dubi kaushin!"

Mun yi dariya, amma abin da ya biyo baya ba na dariya ba ne. Mai fim ɗin gidan gadonsa ya sayar ya yi aikin. Faifai bai yi mako a kasuwa ba aka kwafe shi, daga baya kuma wani ɗan banza ya ɗora shi a intanet, kowa ya kwasa. Bayan wasu shekaru Kawu ya gamu da mutumin a wata tashar mota a Kaduna yana kiran fasinja. Ya dawo gida ranar ko tuwo bai ci ba. Tun daga nan ya ɗaura yaƙi.

Wanda ya fi shan wuya a hannunsa shi ne Ɗanjuma, mai shagon cajin waya kusa da tasha, wanda ke sauko da fina-finai daga intanet yana tura wa mutane. Kawu ya same shi ya ce, "Ɗanjuma, ka ji tsoron Allah." Ɗanjuma ya washe baki ya ce, "Haba Kawu, ni me na sata? Fim ɗinsu na nan a hannunsu, ban rage musu ko minti ɗaya ba. Kwafi kawai na yi." Kawu ya ce, "Haka ne?" Ya kaɗa riga ya tafi.

Washegari da azahar, Ɗanjuma na alwala a bayan shago, Kawu ya zare makullin da ke rataye a ƙusa, ya kai wa mai yankan makulli, ya dawo ya mayar da shi inda yake. Sannan ya zauna a ƙofar shagon yana kaɗa sababbi guda uku, ƙacau-ƙacau. Ɗanjuma ya ce, "Kawu, na ina ne waɗannan?" Ya ce, "Na shagonka. Naka na nan a ƙusa, ban rage masa ko haƙori ɗaya ba. Kwafi kawai na yi. Ɗaya nawa ne, biyu kuma zan raba kyauta a tasha." Zo ka ga gumi! Ɗanjuma har da durƙusawa. Ya daina sana'ar? Ina! Kwaɗon ƙofa kawai ya canza. Irin mutanen da muke zaune da su ke nan.

Ranar da na fi ganin fushinsa kuwa ita ce ranar da 'yan bindiga suka kore shanun huɗar Baba Yohanna. Mutane sun taru jaje, kowa na tsine wa ɓarayi, sai ga wani magidanci a gefe, ya sunkuyar da kai yana kallon sabon fim ɗin da aka turo masa, yana ta cewa amin. Kawu ya daka masa tsawa. "Rufe mana baki da amin ɗinka, kada ta faɗo a kanka! Su sun shiga daji, kai ka shiga waya!" Dattawa suka ce, "Haba Sule, ya za ka haɗa mai zubar da jini da mai kallon fim?" Ya ce, "Ban haɗa su ba, na san wancan ya fi. Amma daga nan hali ke tsirowa. Ka ga gumin wani ka ce rabonka ne." Baba Yohanna, mai asarar, shi ne ma ya koma yana ba shi haƙuri.

Kada ku ce ni na tsira. Ya taɓa shigowa gidana ya tarar ina tsinke zogale, waya a jingine da kwano, fim na tafiya. Ya ce, "Uwani, a ina kika samo?" Na ce, "Kawu, mu fa talakawa ne. Babu gidan sinima a Birnin Gwari, hanyar Kaduna kuwa ka san halinta. Kowa haka yake yi." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "An halatta wa mutum mushe in yunwa za ta kashe shi. Faɗa mini kabarin wanda ya mutu don bai kalli fim ba, in je in yi masa addu'a." Na ce ai da laifi ne da hukuma ta hana. Ya ce, "Ta hana mana! Na tambayi lauya, dokar na nan, gurguwa ce kawai. Don ɗan sanda bai zo ba sai haram ta koma halal?" Mako guda bai ci tuwon gidana ba. Wai idon da ya ci haƙƙin mutane ne ya leƙa tukunyar.

Ni na kawo sulhu. Na bincika na gano akwai masu shirya fim da ke ɗora nasu da kansu a shafinsu, kowa ya kalla kyauta, su kuma a biya su ta hanyar tallar da ake sakawa a ciki. Na kai masa. Sai da ya sa na rantse, sannan ya sa na karanta masa sunan shafin sau biyu. Ya zauna, ya gyara hula, aka fara. Talla ta shigo, na kai yatsa zan tsallake ta, sai ji na yi tas a bayan hannuna. "Tuwon mutumin za ki tsallake? Bar shi ya ci!" Haka muka kalli tallar sabulu daga farko har ƙarshe, yana gyaɗa kai kamar mai sauraron wa'azi. Ranar kasuwa kuma sai ga shi da sabulun sanda biyu, wai kada a ce ya kalli tallar mutane a banza.

Da ciwo ya kwantar da shi, wata safiya ina ba shi kunu ya riƙe hannuna ya ce, "Uwani, akwai wani abu a wuyana." Ya ce shekara uku da suka wuce, a motar haya daga Kaduna, wanda ke zaune kusa da shi ya kunna fim a waya. Ya san na sata ne, don ga tambarin ɓarayin nan a jikinsa. Mota ta cika maƙil, babu wurin juya baya. "Na rufe ido, na buɗe ɗaya. Uwani, fim ɗin nan ya yi daɗi. Har ƙarshe na kalla." Na fashe da dariya, sai na ga hawaye na bin gefen fuskarsa. Ya ce, "Ki nemo mai shi, ki ce Sule na Birnin Gwari na roƙon ya yafe masa."

Kwana huɗu ina bin lambobin waya kafin na samu mutumin. Da na yi masa bayani ya ɗauka zolaya ce, har ya kusa kashe wayar. Da ya gane da gaske nake, sai ya ce in miƙa wa Kawu. Na kara masa a kunne, ya riƙe hannuna. Na ji mutumin yana cewa, "Baba, duk waɗanda suka cinye mini fim ɗin nan, kai kaɗai ka taɓa nemana. Na yafe maka duniya da lahira. Ni ma ka sa ni a addu'a." Kawu ya ce, "Alhamdu lillahi," ya saki hannuna, ya shanye kununsa tas. Bayan kwana biyu ya cika.

Allah, ga bawanka Sule nan ya zo maka, mai faɗa, mai taurin kai, wanda ya tsorata da haƙƙin mutane har a kan abin da duniya ta mayar ba komai ba. Ka yafe masa kamar yadda bawanka ya yafe masa, ka sanyaya makwancinsa, mu kuma da ya bari ka ba mu ko rabin kunyarsa. Amin.