Malam Aƙilu da Ƙananan Agogunan Ƙofar Kibo

Da hantsi ya ɗaga, za ka hango Malam Aƙilu ya ɓullo daga lungu a kan tsohon kekensa, ya jingine shi, ya yi bismilla ya buɗe shago. Ba ya taɓa aikin kowa sai ya fara da akwatin gilashin da ke gefen teburinsa. Ƙananan agogunan hannu ne a ciki, na farin ƙarfe, ƙirar Turai. Ɗaya bayan ɗaya yake ɗaukowa, ya wana shi don kada ya tsaya, ya kara a kunne, ya goge, ya mayar. Mutanen Ƙofar Kibo da yanzu suka yi furfura, tun suna samari suke ganinsa a haka.

A da, irin waɗannan agoguna ba kowa ke ɗaura su ba. Sai direban jirgin ƙasa, sai malamin kwaleji, sai masu koyon tuƙin jirgin sama. An yi su ne don wahala, ruwa ba ya shigarsu, faɗuwa ba ta tsayar da su. Sai zamani ya juya, aka koma yayin manyan agoguna masu ruwan zinare, fuska kamar murfin kwano. Samari suka riƙa cewa ƙananan na mata ne. Idan maigida ya rasu, sai a haɗa nasa da tsofaffin makullai a ba 'yan gwangwan. Can Malam Aƙilu yake bin su, yana tona tarkace, ana yi masa dariya. Ya kawo su ya wanke, ya nemo madadin abin da ya lalace, wani sai ya shekara bai samu ba.

Kai ne mai tsinto abin da gari ya zubar, Malam. Kai ne ba ka yarda ƙanƙanta ta zama laifi ba.

Maƙwabcinsa, Alhaji Sadiƙu mai ɗinkin manyan riguna, shi ya ba ni labarin abin da ya gani da idonsa. A lokacin yanar ido ta fara rufe wa Malam Aƙilu gani, likita ya ce sai an yi aiki, shi kuwa babu hali. Sai ga wani dillali daga Legas, wanda ya san duniya ta waiwayo kan irin waɗannan kaya. Ya nuna wani mai baƙar fuska, ya ce shi yake so, zai dawo da yamma a yi ciniki.

Kafin yamma sai wata malamar makaranta daga Kusfa, Hajiya Radiya, ta kawo gyaran agogon bango. Tana jira, idonta ya faɗa cikin akwatin. Ta matsa kusa, ta ce, "Baba, wancan mai baƙar fuskar, a ina ka same shi?"

"Wajen 'yan gwangwan, 'yata. Na Malam Aminu ne na reluwe, Allah Ya jiƙansa."

"Mahaifina ne," in ji ta. "Ina gidan miji a Jos aka kwashe kayan ɗakinsa. Ko tsinke ban samu ba."

Malam Aƙilu ya ciro agogon ya ɗaura mata. Sarƙar ta zauna daram a hannunta. Ta ce, "Ikon Allah! Mahaifina fa ƙaƙƙarfa ne, yaya aka yi ya yi mini daidai?"

Tsohon ya jawo wani gwangwanin alewa, ya lalubo 'yan gaɓoɓin sarƙa a ƙulle cikin tsumma, ya zuba mata a tafin hannu. "Ni na rage masa. Da ciwo ya fara cinsa, yana ramewa, sai ya riƙa zuwa ina cirewa kaɗan-kaɗan. Ya ce kada agogon ya riƙa lilo a hannunsa ku gane, hankalinku ya tashi. Ya ce in ajiye, in ya warke sai a mayar."

Alhaji Sadiƙu ya ce shi kansa sai da ya ajiye allura. Hajiya ta zauna a bencin shagon tana kuka. Da ta buɗe jaka, Malam ya ɗaga mata hannu. "Kayan ubanki zan sayar miki? Tashi ki je, ki riƙa yi masa addu'a."

Dillali ya dawo, ya ji babu, ya yi fushi ya tafi bai sayi komai ba. Aikin ido bai samu ba sai bayan damina, da 'yan unguwa suka ji labari suka haɗa hannu. An ceto ido ɗaya. Ɗayan ya riga ya tafi. Na tambayi Malam Aƙilu ko ya yi nadama, sai ya yi murmushi ya ce, "Da ido ɗaya dama nake aiki, ɗayan rufe shi nake yi."

Yanzu hannu ya fara rawa, ya ce ƙarshen watan nan zai rufe shago. Ya sa ana ta aika saƙo gidajen da ya san agogunan iyayensu na wurinsa, kowa ya zo ya karɓa.

Mun gode, Malam Aƙilu. Ka riƙe mana iyayenmu a lokacin da mu muka yi sakaci da su. Allah Ya saka maka da alheri, Ya sa ka gama lafiya. Mu kuma da muka rage, masu sana'a da masu gado, kafin mu kira mai gwangwan mu tsaya mu buɗe ƙullin tsumman nan, mu tambayi wani dattijo na wane ne, tun akwai mai ba mu amsa.