Hannu Mai Yatsa Huɗu a Jikin Bututun Hayaƙi

Tun kafin na haifi Hanifa abu ɗaya ne yake hana ni sukuni, sanyi. Mahaifiyata ta rasa yara biyu da ciwon haƙarƙari a Gusau, to ni da na zo Amurka na ga sanyin da ke sa ruwa ya daskare a jikin mota, sai na sa wa raina cewa shi ne zai ɗauke mini 'ya. Ko atishawa ta yi sai na ƙara lulluɓe ta. Na faɗa muku wannan ne don ku gane abin da ya kai ni, kada ku ce wauta ce zalla. Kuma wallahi tallahi abin da zan ba ku a kaina ya faru, ba ji na yi ba, shekarun baya kaɗan a nan Greensboro.

Lokacin muna haya a wani tsohon gidan jan bulo a East Greensboro. A falon akwai murhu a cikin bango, da bututun hayaƙi da ya bi ta ciki ya fasa rufi ya fito sama, cimni suke ce masa. Ba mu taɓa hura shi ba. Abin da na lura shi ne duk sanda aka yi ruwa sai bangon saman murhun ya jiƙe, fentin ya kumbura, wani ruwa ruwan ƙasa ya tsiyayo, falon ya ɗauki warin tsohuwar toka. Abban Hanifa, maigidana ke nan, ya kira lanlod, wato mai gidan hayar, ya fi a ƙirga, kullum sai a ce za a turo mai gyara.

Ina cikin jego hita, na'urar ɗumama gidan, ta fara wasa da mu, ta yi ɗumi ta ɗauke. Abban Hanifa kuma direban babbar mota ne, ya tafi hanya. Mai zuwa duba ni ita ce Hajiya Mariya, 'yar zangon Kumasi, dattijuwa mai kirki, ita ta tsaya mini kamar uwa. Da ta shigo ta taɓa ƙafar jaririyar sai ta riƙe baki.

"Ke 'yar nan, mai jego da ɗanyen jiki a cikin firij? Ga murhu Allah ya ba ki kin zuba masa ido kamar talabijin!"

Na ce, "Hajiya, Abbanta ya ce a jira mai gyara."

Ta ce, "Shi yana cikin mota da hitarsa. A gida ba da gawayi ake gasa ɗakin mai jego ba? Hayaƙin ma nan ga hanyarsa an yi masa."

Ita da kanta ta sayo mini buhun gawayi a wani kanti a titin Gate City, ta ajiye ta wuce wajen aikinta. Ba mugunta ba ce, abin da muka tashi muka gani ke nan.

Bayan la'asar ana yayyafi, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma, na rufe tagogi ruf, na jawo katifa gaban murhun don mu kwana a nan. Hanifa tana barci a ɗaki. Na jera gawayi a kaskon turarena na tura cikin murhun, ashana tana hannuna, sai na ji an ƙwanƙwasa ƙofa.

Na zura hijabi na leƙa. Wani tsoho ne baƙar fata, dogo, da kayan aiki shuɗaye da suka koɗe, da hula. Ya nuna sama da hannu. Na ce alhamdulillahi, lanlod ya tuna da mu. Na buɗe masa, na bar ƙofar a buɗe tunda ni kaɗai ce.

Bai tambaye ni hanya ba, kai tsaye ya nufi murhun kamar gidansa. Ni Turancina na kanti ne, nawa ne, na gode, shi ke nan. Amma wallahi duk abin da tsohon nan ya faɗa sai da na gane shi tas, har yau ban san ta yaya ba. Ya ce simintin da ke kan bututun can sama ya tsage, ruwa yana shiga yana daskarewa yana ƙara buɗa shi. Ya ce kwanon da aka manne a gindin bututun, inda ya haɗu da rufi, ya ɗaga, shi ne ruwan da nake gani a bango. Sannan ya durƙusa ya kara kunne a bakin murhun, ya daɗe, ya ce bulo ya zube a ciki, maƙogwaron bututun ya toshe, abin da aka ƙona a nan ba ya fita.

Da zai miƙe ya dafa bangon da hannun hagu, a nan na ga ba shi da ƙaramin yatsa. Ya dubi kaskon, ya dubi katifar, sai ya juya ya dubi ƙofar ɗakin da Hanifa take, alhali ko motsi ba ta yi ba, babu kuma kayan jariri ko ɗaya a falon, na kwashe na wanke.

Ya ce, a hankali, "Ba da jaririya a gidan nan ba. Kada a sake."

Kada a sake me? Bai tsaya ya yi bayani ba. Ya fita. Sai da ya fita hankalina ya fara harhaɗa abubuwa. Ana ruwa, amma kafaɗarsa a bushe take. Kafet ɗina mai haske ne, babu sawun takalmi. Na leƙa waje, babu mota, babu tsani, babu kowa har ƙarshen layi, unguwar da ko burodi za ka saya sai da mota.

Zan faɗa muku gaskiya, duk da haka da sanyi ya ƙara shiga na ji Hanifa ta yi tari, sai da na koma gaban murhun. Na ce ɗan kaɗan zan hura. Na sa hannu a kaskon, innalillahi, gawayin ya jiƙe sharkaf kamar an tsoma shi a bokiti, ruwa kwance a ƙasan kaskon, amma daɓen murhun a bushe ƙamas, ko ɗigo babu. Na zari 'yata na goya, na kira Hajiya Mariya ina kuka, a gidanta muka kwana.

Da Abban Hanifa ya dawo ya kira lanlod yana godiya, mutumin ya ce shi bai turo kowa ba. A satin ya turo na gaske, wani saurayi da farar mota da dogon tsani. Ya zura wata 'yar kyamara ta sama, ya nuna mana a waya: bulo a cushe, da tsohuwar sheƙar tsuntsu, ga baƙar kunkunniya ta haɗe su kamar kwalta. Da ya ga buhun gawayin sai ya cire hularsa, ya yi wa Abban Hanifa magana ƙasa-ƙasa. Shi ya fassara mini, wai iskar gawayi ba ta da wari, ba ta sa tari, barci kawai take sa mutum, barcin da ba a farkawa. Hajiya Mariya tana tsaye, sai zama ta yi a ƙasa tana salati.

Ya kwashe bulon, ya zura sabon bututun ƙarfe a ciki, ya sake kwanon gindin, ya ɗora murfi mai raga. Duk inda tsohon ya faɗa, nan ne. Kafin ya fasa tsohon simintin saman ya ɗauki hoto, yana dariya wai magina na da suna barin shaida. Ya miƙo wayar. Tafin hannu ne aka danna a simintin tun yana ɗanye, gansakuka har ta cika shi. Hannun hagu. Na ƙirga yatsun, na sake ƙirgawa.

Yoyo ya tsaya, an yi fenti. Amma har muka bar gidan, duk ranar da hadari ya haɗu, daidai inda ya dafa sai wata inuwa-inuwa ta fito a bangon, a bushe, yatsa huɗu. Na sa Abbanta ya tambayi tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ko wani abu ya taɓa faruwa a gidan. Ta dube shi, ta dubi Hanifa a bayana, ta ce Allah ya raya ta, ta rufe ƙofarta.

Ban san ko wane ne ba, ban san ko mene ne ba, Allah shi ya bar wa kansa sani. Hanifa tana makaranta yanzu, da Turanci take ba ni amsa.

Roƙona gare ku, 'yan uwana mata, musamman sababbin zuwa: kada ku hura gawayi a cikin ɗaki a ƙasar nan, ko na jego ko na turare, kuma kada ku sa wuta a murhun da ba a leƙa cikinsa ba. Ku tura wa duk mai jegon da kuka sani. Ni an ƙwanƙwasa mini ƙofa, ban san ko za a ƙwanƙwasa taku ba.