Ranar da Inji Ya Kama Waƙa

A duk ƙasar Arewa, daga Dutsi har Tibiri, ka haɗa da Gesheme da kasuwar Kore Mairuwa, babu mai kunne irin nawa. Ni ne Tanko, wanda ake ce wa Sarkin Kunne. Ina zaune bakin garejina da kofin shayi, moto zai wuce can kan kwalta, in ce wa mutane bujinsa, wato fulogi, ba zai ga Juma'a ba. Ran Alhamis sai ga mai shi yana turowa, yana gumi. Har ana cewa in sauro ya gitta ina gane fiffiken da ya kwance. Ban taɓa musawa ba, don ni na fara faɗa.

Inda na fi ƙwarewa shi ne moto mai ƙafa huɗu, irin wanda ke ratsa rairayi, mai tsohon inji mai hayaƙi da ake haɗa wa man inji a cikin esansi, wato fetur. In aka tambaye ni wa ya koya mini, ina kiran sunan ubangidana, Allah ya jiƙansa. Amma sirrin kansa a bakin wata tsohuwa na fara jin sa, wadda ƙarfen da ta taɓa riƙewa bai wuce wuƙar yankan kuɓewa ba.

Kaka Dije ke nan, uwar babana. Garinmu yana can gefen Lugu. In an gama kai hatsi rumbu, sanyi ya sauko, bayan an ci tuwo sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta binne gujiya cikin toka. Mu taru, ƙafafu na gasuwa, baya na daskarewa. Wurina kullum yana damanta, na hagu kuwa na Bawa ne, ɗan Gwaggo Hajo, taubashina. Tun muna rarrafe ni da Bawa ba mu taɓa gaya wa juna magana mai daɗi ba. Kaka takan dube mu ta girgiza kai ta ce, "Ku ga mazana biyu. Guda ba gona, guda ba wando. Wa za shi ci da ni?"

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta yi gyaran murya ta ce, "Ga wata can ƙasan rijiya, wa ke da guga?" Mu amsa da ƙarfi, "Mu jawo ta!"

Wadda ta fi zama mini ita ce ta Arzika mai ginan rijiya. Arzika gwani ne, amma bakinsa ba daɗi. Yana can ƙasa yana sara, yana tari, yana zagin dutse, yana zagin garin da ya ɗauko shi, yana zagin ƙanensa Nomau mai riƙe masa igiya a sama. Ubansu, da zai mutu, ya kira Nomau ya bar masa magana guda. A nan Kaka takan rage murya, ta tsare mu da ido:

"Muddin kana jin yayanka shina zagi shina tari, bar shi, lahiya lau shike. Ran da ka ji ya bar zagi ya kama waƙa, ja igiya. Ko da ya ga ruwa da idonai, ja igiya."

Domin a ƙasan rijiya mai zurfi, in ji Kaka, akwai wata doguwa. Ba ta duka, ba ta shaƙewa. Numfashin mutum take sha a hankali, ta biya shi da murya mai zaƙi.

Wata shekarar fari aka kira su wani gari da ƙishirwa ta kusa watsewa. Suka yi ta gini, har rijiya ta yi zurfin da in ka saki guga da hantsi sai azahar ka ji ƙararsa. Ran nan zagi ya ɗauke. Sai wata waƙa ta taso daga rami, siririya, mai daɗin da ba a taɓa ji ba. Mata suka ajiye tuluna. Masussuka suka bar turmi. Nomau ya damƙi igiya zai ja, mutane suka riƙe masa hannu suna cewa ya bari a ji ƙarshenta. Da ya so, da ya fizge. Amma a cikin waƙar ya ji sunansa. Yayansa, wanda bai taɓa ce masa sannu ba, yana yabonsa, yana kiransa ɗan'uwa na gari. Nomau ya tsaya yana saurare, hawaye na zuba. Da waƙa ta ƙare suka ja. Arzika ya fito yana murmushi, ba rai, ƙafafunsa jiƙe da laka.

Kaka ta ƙara kara a wuta. Bawa ne ya ce, "Kaka, to sun sha ruwan?"

"Sun sha mana, ɗan nema. Har gobe suna sha." Ta tono gujiya ta raba mana. "Na mai da ita rijiya. Wanda ya bi ta, shi ya sani."

A hanyar shiga ɗaki Bawa ya zungure ni ya ce, "Ni in na shiga rijiya ba ni ba ka igiya. Da kunnuwan jakin nan naka, tsayawa za ka yi saurare."

Sai da na girma na shiga gareji na gane tsohuwar nan makanikiya ce ba ta sani ba. Inji mai hayaƙi, in yana da lafiya, halin Arzika gare shi. Yana tari, yana gunaguni, yana tofar da baƙin mai ta bututu, yana cika wa na baya ido da hayaƙi. In ka kwance bujinsa za ka gan shi ja-ja kamar ƙuli-ƙuli. Amma in iska ta sami wata kafa ta shiga inda bai kamata ba, ko esansi ya rage isa, sai hayaƙi ya ɗauke, murya ta yi siriri, gudu ya ƙaru. Mai shi ya yi ta murna, yana cewa yau moto ya warke. Alhali can ciki fistan yana gogar ƙarfe a bushe, yana ƙonewa. Jim kaɗan ya cije, shi ke nan. Duk wanda ya kawo mini gyara ina gaya masa: in ya kama waƙa, kashe shi.

Garinmu yana da irin wannan moto guda ɗaya, wanda wasu masu aikin rijiyoyi suka bari, aka ɗaura masa amalanke a baya. Da damina, in kwari ya jiƙe, shi kaɗai ke iya fitar da marar lafiya zuwa gidan likita a Dutsi. Ni ke duba shi. Na san shi kamar yadda na san tarin matata.

Wata damina na je gida taya Gwaggo Hajo noma. Da la'asar kububuwa ta sari Bawa a gona. Aka yi na gida, aka ɗaure, aka ba shi saiwoyi, aka ce a ga wayewar gari. Da safe jini na fita daga dasashinsa, har tsohon yankan aski ya buɗe. Muka shimfiɗa shi a amalanke, matarsa Zali ta ɗora kansa a cinyarta, na hau na ba inji wuta.

Bakin Bawa bai mutu ba. "Makaniken banza!" yake ihu daga baya. "Ramukkan ga da gangan kake bi? Abin da maciji ya rage kai za ka ida?"

"Rufe mana baki," na ce. "An ce macijin na can shina amai, jininka ya ɓata mai ciki."

Ya zagi kakana, wanda shi ma kakansa ne. Raina ya yi sanyi. Mai zagi lafiya lau yake.

Muna tsakiyar kwari, inda rairayi ya fi zurfi, na ji muryar inji ta sauya. Gunaguni ya tafi. Wani siririn amo ya maye wurinsa, mai daɗi, moto ya miƙe kamar an cire masa kaya. Na rage wuta, ƙara ba ta sauka ba. Na waiga, babu hayaƙi. Na kashe shi a gindin wani gawo, wanda da damina ko inuwar kirki ba ya da ita.

"Tanko, mi ya faru?" in ji Zali. "Yanzu ne ma ya kama gudu!"

"In ban tsai da shi ba, shi za shi tsaya da kainai, kuma ba shi ƙara tashi. Daga nan sai mu nemi jaki."

"Dubi jinin ga! Don Allah mu tahi, ko rabin hanya ya kai mu!"

Rabin hanya daji ne. Na durƙusa. Robar da ke tsakanin karbireta da inji ta tsage ta ƙasa, zafi ya cinye ta, ta nan iska ke shiga. Buji ya yi fari fat kamar toka. Inji kuwa ko yatsa ba ya karɓa, dole sai ya huce. Na yanko tsohuwar robar taya daga jikin amalanke, na naɗe tsagar, na ɗaure da waya, na ƙara man inji a tanki. Hannuna na ƙuna, ban ji ba.

Abin da na ji daban ne. Bawa ya bar zagi. Ya fara wata 'yar waƙar noma a hankali, irin wadda muke yi muna yara muna bin kuyya a gona. Sa'annan ya sa sunana a ciki. "Tanko ɗan kawuna," yake cewa, "mai hannun albarka, ba ka taɓa barina a baya ba." Zali ta share hawaye ta ce, "Alhamdu lillahi, ya ji sauƙi." Ban ɗago kai ba. Kada wani ya ce ban ji ba. Na ji sarai, na kuma san ko mene ne. Igiyar da zan ja dai ita ce wannan da ke hannuna, kuma ba ta jawuwa sai ƙarfe ya huce.

Da na buga, inji ya tashi da tari da hayaƙi da zagi, lafiya lau. Muka fita kwari. Dutsen gari ya bayyana can gabanmu, a nan ne Zali ta daina kiran sunansa. A gidan likita, ma'aikacin ya taɓa wuyansa, ya ja zane ya rufe masa fuska. Na tambaye shi, da mun iso tun ɗazu fa? Ya ce Allah kaɗai ya sani.

Ina yaro na ɗauka Nomau sakarai ne, an gaya masa abu guda ya kasa. Yanzu ba na zaginsa. Ni na bi maganar uban Arzika daidai, na ja a kan lokaci, kuma ko yau aka mai da ni gindin gawon nan sai na kashe injin. Amma Kaka ba ta taɓa gaya mana abin da mutum zai yi ba in rijiya biyu suka kama waƙa tare. Tun ranar nake tsoron magana mai daɗi. In matata ta wuni ba ta yi mini faɗa ba, sai in taɓa goshinta.

Ana zaman makoki, wani ya ce ai an gode Allah moto ya dawo, gari bai rasa abin fitar da marar lafiya ba. Bakina, da bai san makoki ba, ya kama bayanin yadda na ji abin tun kafin ya faru. Sai aka ce Gwaggo Hajo na kirana. Na same ta a ɗaki kan tabarma, da tasbaha a hannu. Ita ma a bakin Kaka ta ji labarin Arzika, tun ba a haife ni ba. Ta ɗago kai ta dube ni.

"Tanko," ta ce, "na ji an ce kunnenka ya yi aiki. To, yaya mai jiki? Shi injin, ya samu sauƙi?"