Raliya Mai Banda Ta Ƙi Tashi Daga Bakin Tafki

A bakin tafkin Gidimuni, in ka tambayi mai banda, Raliya za a nuna maka. Gajera ce, baƙa, mai murya kamar ta maza. Ubanta masunci ne, mijinta Alkasum ma haka, ita kuwa tun tana yarinya ta iya naɗe tarwaɗa, baki ya kama wutsiya, ta jera a kan waya hayaƙi ya ratsa. 'Yan Kano masu zuwa sarin kifi sun san hannunta.

Shekara huɗu ke nan da Alkasum ya fara rama. Mutumin da ke jan taru har rana ta take, ya koma sai ya huta sau biyu tsakanin gida da bakin ruwa. Idanunsa suka yi ruwan ɗorawa, ciki ya kumbura. Aka ce shawara ce, aka dafa saiwoyi. Aka ce sammu ne, aka sha rubutu. Shi ne na uku cikin masunta da ya yi irin wannan kwanciya. Da aka kai shi babban asibitin Damagaram, likita ya ce ciwon hanta ne, wanda suke kira hefatit B, kuma an makara. Bai cika sati biyu ba ya rasu.

Likitan ya sa aka auna jinin iyalinsa. Aka sami ƙwayar cutar a jikin Raliya da babbar 'yarta Balki, sauran yara biyu aka yi musu rigakafi.

Labari ya riga Raliya isowa gida. Da ta gama takaba ta hura wutar banda, ko mutum ɗaya bai tsaya ba. Hajja, yayar marigayin, ta ware mata kwano da moɗa, ta ce, "Ki shiga ɗaki ki zauna, kada ki ƙarar mana da gari."

Raliya ta ce, "Yaya, ƙanenki ne, mijina ne kuma. Na yi kukansa. Amma ba a tona ramin da faɗin mutum biyu ba."

Washegari ta nufi disfansar, ƙaramin asibitin garin, ta tsaya gaban majo, shugaban ma'aikatan wurin, ta ce ya gaya mata ta ina abin nan yake shiga. Ya ce ta jini ne: aska ɗaya a kan mutum goma, reza, ƙahon wanzami, tsohuwar allura, kwanciyar aure, sai kuma uwa ta ba jaririnta wajen haihuwa. Ba a ɗaukarsa a tuwo, ba a ɗaukarsa a kifi. Ta ce ya sake faɗi. Sai da ya faɗa sau uku, ta haddace.

Ranar kasuwa ta dire kwandonta a inda ta saba zama, ta buɗe murya: "Banda! Bandar mai ciwon hanta! Ba a kifi ake ɗauka ba, a aska ake ɗauka!" Wasu suka yi dariya, wasu suka ce mutuwar miji ta taɓa mata kai. Kasuwa biyu tana komawa da kwando cike. A ta uku majo ya zo da farar rigarsa, ya zaɓi tarwaɗa, ya ɓantara ya ci a tsaye yana hira da ita. Kafin la'asar wani Bakano ya kwashe sauran.

Babban faɗan sai da Balki ta yi cikin fari ya zo. Majo ya riga ya gaya wa Raliya cewa in aka yi wa jariri allura cikin kwana ɗaya da haihuwa, galibi yakan tsira. Tun cikin yana wata bakwai take masa zarya, har ya samo allurar ya ajiye a firji. Balki ta haihu da hantsi a gidan mijinta, namiji. Raliya ta naɗe shi a zane za ta fita, sai ga Mai Nasara, surukin Balki, zaune a zaure.

"Ina za a kai shi? A gidan nan ba a fitar da jariri kafin suna."

Ta rusuna ta ce, "Malam, jikanku ne, ba na ja da ku. Amma ni na zauna gefen Alkasum ina ganin cikinsa na tashi, ina fifita shi. Wannan ba zai yi irin kwanciyar kakansa ba. In an dawo ku yi mini faɗan, zan saurara."

Tsoho ya dube ta. Bai ce ta tafi ba, amma ya janye ƙafarsa daga hanya. Ta hau kabu-kabu da yaron a ƙirji, sai disfansar.

Ranar suna ma ba ta bari ba. Yakuba wanzami ya zare askarsa daga zabira yana wasa ta, Raliya ta aiko masa daga cikin gida da sabuwar reza a takardarta. Ya ce askar nan ta ubansa ce, ta aske rabin garin nan. Ta leƙo ta ce, "Shi ne abin da nake gudu, Sarkin Aska." Yakuba ya yi fushi, ya kuwa yi askin da rezar. Wata uku bai amsa gaisuwarta ba.

Yanzu yaron yana gudu, an auna shi, jininsa lafiya lau. Masunta goma sha wani abu sun je an auna su, an sami cutar a jikin biyar, biyu suna shan magani. Akwai waɗanda har yau ba su je ba, sun ce gara kada su sani. Raliya takan tare su a inda ake sauke kifi, ta kira kowa da sunan ubansa, ta tambaye shi yaushe zai je. Ita kanta duk wata shida takan shiga mota zuwa Damagaram a duba hantarta. Zuwan da ta yi na baya likita ya ce ta rage aiki. Ta ce to, ta dawo ta iske an sauke karfasa kwando uku, ta ɗaura ɗamara ta aika a kawo mata itace.